KAMA DA WANE BA TA WANE: HAKKIN BALARABE A HANNUN JAMI'AN SHIGE DA FICE

Jihar Taraba jiha ce ta bakin iyaka. Tun daga kan dutsen Mambila, a biyo ta Gashaka da Kurmi har zuwa Takum, ƙasar tana jingine ne da Kamaru, kuma hanyoyin ƙafa da na shanu da ke ratsa duwatsun nan sun fi gaban ƙirga. Saboda haka ba abin mamaki ba ne matafiyi ya tarar da shingen jami'an shige da fice a kan hanyar da ta taso daga Gembu ta bi ta Serti da Bali, ko wadda ta fito daga Numan, ko ta Wukari, kafin ya shigo Jalingo. Babu mai hankalin da zai ce a janye waɗannan shingaye. Ƙasar da ba ta san wanda ya shigo cikinta ba, gida ne da ba shi da ƙyaure.

To, amma akwai tambayar da ya wajaba a yi. Idan jami'i ya tsai da mota, ya leƙa, ya ga mutum fari mai dogon hanci, ya naɗa rawani, Hausarsa kuma tana da karin Larabci, me doka ta ba jami'in nan ikon yi, me kuma ta hana shi? Shi kuma mutumin, wane hakki yake da shi a wannan sa'a? Amsa ita ce, fuska ba takarda ba ce, kuma shinge ba kotu ba ne. Duk wanda aka tuhuma da zama baƙon haure, akwai hanyar da doka ta shimfiɗa ta binciken al'amarinsa, kuma ranar da aka bar wannan hanya a kan baƙo, to, ɗan ƙasa ma ba shi da sauran kwanciyar hankali.

WANE NE BALARABEN?

Da farko dai ya kamata a san cewa kalmar Balarabe ta tattara mutane iri-iri, waɗanda matsayinsu a gaban doka ya sha bamban ƙwarai.

Akwai Larabawan Shuwa na ƙasar Barno, mutanen Ngala da Dikwa da Marte da Kala-Balge. Waɗannan 'yan ƙasa ne gaba da baya, ba su buƙatar biza ko izinin zama. Tarihi ya nuna tun wajen shekarar 1391 wani Mai na Barno ya aika wa Sarkin Masar wasiƙa yana kukan wasu Larabawa da suka iso ƙasarsa, watau fiye da shekara 500 kafin Lugga ya haɗa Kudu da Arewa a 1914. A zamanin Shehu Laminu kuwa, Shuwa suna cikin manyan mataimakansa. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya tarwatsa da yawa daga cikinsu, suka bazu cikin wasu jihohi da iyalansu da abin da ya rage na dabbobinsu, wasu ko tsinken takarda ba su tsira da shi ba.

Akwai kuma Larabawan Cadi da na Sudan, makiyaya da fataken shanu da 'yan tireda da almajirai masu neman ilmi. Sannan ga Kwarori, watau mutanen Labanan da Sham, waɗanda wasunsu kakanninsu ne suka sauka Kano tun zamanin cinikin gyaɗa, har jikokin suka zama 'yan ƙasa. Ga kuma Misirawa da suka daɗe suna aikin likita da koyarwa a Arewa. A bayan waɗannan duka akwai masu gudun hijira, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 2023, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu.

Duk waɗannan suna iya zama cikin mota guda a ranar kasuwar Iware. Jami'in da ya ce zai rarrabe su da ido, ya ɗauki aikin da ya fi ƙarfin ido. Masu iya magana sun riga sun gama zance da suka ce kama da wane ba ta wane.

DARASIN SHUGABA DARMAN

Wanda duk yake ganin wannan magana ta baƙi ce kaɗai, sai ya tuna da abin da ya faru a Maiduguri ran 24 ga Janairu, 1980. A ranar ne jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi zuwa Cadi. Takardar korar tana ɗauke da sa hannun Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Alhaji Bello Maitama Yusuf. Hujjar da aka kafa ita ce wai mahaifinsa mutumin Cadi ne, saboda haka shi ma baƙo ne. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma ba shi damar ya kare kansa ba. Mutanen Jalingo ba su ji labarin nan daga nesa ba, domin a lokacin garin yana cikin tsohuwar Jihar Gongola, wadda jam'iyyar tasa ce take mulkinta a ƙarƙashin Gwamna Abubakar Barde.

Da maganar ta je Babbar Kotun Maiduguri, Mai Shari'a Oye Adefila ya soke korar, ya tabbatar da cewa Shugaba ɗan Nijeriya ne ta wajen mahaifiyarsa, ya kuma umarci a biya shi diyyar N350,000. Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma aka tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Abin lura a nan shi ne, mutumin da aka yi wa haka ɗan majalisa ne, yana da jam'iyya, yana da lauyoyi, jaridu suna bin sawunsa. In har aka iya ɗaukar irinsa a ajiye a bayan iyaka cikin yini guda, ina ga makiyayin Shuwa da aka sauke daga mota a tsakanin Zing da Jalingo, wanda ba shi da kowa sai sandarsa?

Tsarin mulkin 1999 ya fayyace wannan batu a sashe na 25. Wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to, shi ma ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje ma, in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, haka. Sashe na 41 kuma ya haramta a kori ɗan ƙasa ko a hana shi shigowa. Babu inda aka ambaci launin fata, ko harshe, ko irin rawanin da mutum ya naɗa.

ABIN DA DOKA TA BA KOWA

To, a ɗauka mutumin baƙo ne na haƙiƙa, har ma a ɗauka ba shi da takarda. Shin ya zama naman daji ke nan? Ko kusa. Waɗanda suka rubuta tsarin mulki sun yi amfani da kalmomi biyu da gangan. A wasu wurare, kamar 'yancin zirga-zirga, ɗan ƙasa suka ambata. A wasu wuraren kuwa kowane mutum suka ambata, kuma baƙo mutum ne.

Gaskiya ne sashe na 35 ya yarda a tsare mutum domin a hana shi shigowa ba bisa ƙa'ida ba, ko domin a fitar da shi. Amma wannan sashe ɗin dai shi ne ya gindaya sharuɗɗa. Wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Tilas ne a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, kuma cikin harshen da yake ji. Wanda ake tuhuma da laifi tilas a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Jalingo kuwa tana da kotunan majistare, da Babbar Kotun Jiha, da Babbar Kotun Tarayya, saboda haka uzurin nisa bai taso ba. Wanda aka tsare ba bisa doka ba, sashen ya ce a biya shi diyya, a kuma nemi gafararsa a bainar jama'a.

Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da wannan laifi ne da ake ɗaure jami'i a kansa. Sashe na 36 ya ba wanda aka gurfanar a kan laifi tafinta kyauta in bai jin harshen kotu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Darfur ko na Wadai, wanda za a iya miƙa masa takardar Turanci ya dangwala yatsa alhali bai san ya amsa laifi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, watau ba a riƙe mata ko ɗa don miji ko uba ya kawo kansa. Har ila yau yarjejeniyar Biyana ta 1963 a kan harkokin jakadanci ta ba baƙon da aka tsare ikon a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, in ya nemi haka. Sashe na 46 kuma ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga duk wanda aka taɓa masa ɗaya daga cikin waɗannan hakkoki.

Game da kora kuwa, dokar shige da fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, ta ɗora ikon ba da umarnin korar baƙo a wuyan Ministan Harkokin Cikin Gida, a wasu lokuta bisa shawarar kotu. Jami'in bakin iyaka yana iya hana mutum shigowa in takardunsa ba su cika ba. Amma mutumin da ya yi shekaru a gari, yana da rumfa a kasuwa, 'ya'yansa suna makaranta, ba a tattara shi a zuba a bayan mota da dare a kan maganar wani maƙwabci da suke rigimar bashi. Shari'ar Shugaba ta nuna ko sa hannun Minista ma kotu tana iya dubawa ta soke.

MAI GUDUN HIJIRA DABAN NE

Wanda ya gudo daga yaƙi ko zalunci yana da wata kariya ta musamman. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, ta kuma kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira da doka mai lamba 52 ta 1989. Jigon waɗannan duka abu biyu ne: ba a mai da mutum inda ransa yake cikin hatsari, ba a kuma hukunta shi don ya shigo ba takarda, muddin ya kai kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Wanda gidansa yake cin wuta ba ya tsayawa neman fasfo. Aikin jami'in da ya gamu da irin wannan mutum shi ne ya miƙa shi ga hukumar 'yan gudun hijira ta tantance shi.

Taraba ta ga abin da ke faruwa in aka ƙetare wannan ƙa'ida. A watan Janairu na 2018 aka miƙa wa gwamnatin Kamaru mutum 47, ciki har da Sisiku Ayuk Tabe, wasu a Abuja aka kama su, wasu kuma a Jihar Taraba, alhali da yawansu sun riga sun nemi mafaka. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi Allah wadai da abin. A watan Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa an saɓa doka, ta ce a dawo da su a biya su diyya. Sai dai hukunci ya zo bayan mutanen sun riga sun shiga hannun da suka gudo wa. Waɗannan ba Larabawa ba ne, amma dokar da aka taka a kansu ita ce dai za ta kare Basudanen da ya iso gobe.

KORAR TARO

Mafi muni duka shi ne a yi wa ƙabila guda kuɗin goro. A watan Oktoba na 2006 gwamnatin Jamhuriyar Nijar, a zamanin Shugaba Tanja Mamadu, ta ba da sanarwar za ta kori Larabawan Mahamid daga yankin Difa, wanda ke maƙwabtaka da Barno da Yobe, ta mai da su Cadi. Waɗannan makiyayan raƙuma ne da suka shigo tun lokacin farin shekarun 1970 da yaƙin Cadi na shekarun 1980. Ƙorafin da aka yi a kansu na rijiyoyi ne da makiyaya da riƙe makamai. Rahotanni sun ambaci mutum 150,000, ko da yake wasu sun ce ba su kai haka ba. Cikin 'yan kwanaki, bayan hayaniya ta tashi ciki da waje, gwamnatin ta janye. Dalili kuwa a bayyane yake: cikinsu akwai waɗanda aka haifa a Nijar, akwai masu takardun ƙasa, kuma wanda ya yi harbi a bakin rijiya shi ya kamata a kama, ba danginsa duka ba.

Yarjejeniyar Afirka ta hakkin ɗan Adam, wadda aka amince da ita a 1981, Nijeriya kuma ta mai da ita dokar cikin gida a 1983, ta haramta korar taro a kan ƙabila ko launi ko addini a sashenta na 12. Abin takaici, a Janairun wannan shekara ta 1983 ne ƙasar nan ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutum wajen miliyan biyu suka kwashi kayansu, rabinsu 'yan Gana. Ita ma Gana ta yi haka a 1969 a zamanin Busiya, inda Yarabawa da Hausawa da yawa suka dawo gida hannu rabbana bayan shekaru suna fatauci a can. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere.

Bahaushe dai ya fi kowa sanin zafin wannan abu. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, ban da dubban alhazan ƙafa da suka yada zango a Sudan suka zauna. Jikokinsu an haife su a can, amma sun sha jin ana ce musu baƙi, har abin ya kai ga zubar da jini a jihar Bulu Nayil a 2022. Wanda yake so a mutunta ɗan'uwansa a Sudan ko a Saudiyya, sai ya fara mutunta Balaraben da ke ƙofar gidansa.

NAUYIN DA KE KAN BAƘO

Hakki ba ya tafiya shi kaɗai. Wajibi ne baƙo ya shigo ta ƙofar da hukuma ta sani, da fasfo mai rai, da biza in ƙasarsa tana buƙata. 'Yancin shigowa na kwana 90 ba biza, wanda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta tanada, bai shafi Sudan ko Masar ko Labanan ba, don ba sa cikin ƙungiyar. Wanda zai daɗe ko zai yi aiki, tilas ya nemi izinin zama, ya kuma sabunta shi a kan lokaci. In jami'i ya nemi takarda, a nuna masa da ladabi. Kada baƙo ya sayi takardar shaidar ƙaramar hukuma ko katin zaɓe, domin wannan ƙarya ita ce ke mai da ƙaramar matsala ta zama ɗauri. Kada kuma ya miƙa cin hanci: wanda ya saba biya a shinge ya mai da kansa saniyar tatsa, ya kuma ja wa na bayansa. Mai son zama ɗan ƙasa, sashe na 27 ya buɗe masa hanya bayan zaman shekara 15.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ya kamata shugabannin hukumar shige da fice a Jalingo su tanadi tafintan Larabci da na Fulatanci, su kuma ajiye littafin da za a rubuta sunan duk wanda aka tsare, da sa'ar da aka kama shi, da sunan jami'in da ya kama shi. Wannan littafi kariya ce ga jami'in kirki kafin ma ya zama kariya ga baƙo. Ya kamata alƙalai su riƙa kai ziyara wuraren da ake tsare mutane, kamar yadda dokar 2015 ta tanada. Hukumar taimakon shari'a, wadda aka kafa tun 1976, da hukumar kare hakkin ɗan Adam ta ƙasa, da reshen ƙungiyar lauyoyi na Jalingo, su sani cewa wanda ba ya jin Turanci ba zai zo ofishinsu da kansa ba, sai sun neme shi.

Hukumar ƙidayar jama'a kuma ta kai rajistar haihuwa rugage da kasuwannin shanu, domin rabin rigimar nan rashin takarda ne ga mutanen da asalinsu ba shi da shakka. Gidan rediyon jiha ya ware lokaci ya bayyana waɗannan hakkoki cikin harsunan da jama'a ke ji. Masarautar Muri da sauran sarakuna su farfaɗo da tsohuwar al'adar nan ta mai masauki, inda baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi wurin mai unguwa, an san daga ina ya fito, an san wa ya tsaya masa. Shaidar mai unguwa da ta ardo ta fi kallon fuska ƙarfi nesa ba kusa ba.

Su kuma jama'a, su daina ɗaukar kamun baƙo a matsayin abin kallo. Jami'in da ya saba tsare mutum kwana bakwai ba takarda ba kotu don ya ga Balarabe ne, gobe zai yi wa Bafulatani, jibi ya yi wa Bamumuye ko Bajukune da ya fito daga ƙauyen bakin iyaka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A tsare iyaka da kyau, a kori wanda doka ta ce a kora, amma a bi ta ƙofar kotu, da tafinta, da lauya, da takarda mai sa hannu. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma gyara.